Kalmar "Metronomic" a Turanci: Yadda Za Ka Gane Ta, Ka Furta Ta, Ka Sa Ta a Jimla

Masu bin sharhin ƙwallon Turai da Turanci sun sha jin kalmar nan ko da ba su tsaya a kanta ba. Ɗan wasan tsakiya ya karɓi ƙwallo, ya miƙa, ya ɗan matsa gefe, ya sake karɓa, ya sake miƙawa, sai ka ji mai sharhi ya ce wasansa "metronomic" ne. Haka aka yi ta faɗa a kan Xavi a Barcelona, da Toni Kroos a shekaru goman da ya yi a Real Madrid daga 2014 zuwa 2024. Za ka kuma tsince ta a jaridun Ingila da Amurka, a shafin kiɗa da na siyasa, har ma a rubuce-rubucen likitocin ciwon daji.

Ɗalibi idan ya ci karo da ita yakan buɗe ƙamus, ya ga an ce tana nufin abin da yake faruwa a kai a kai, ya rufe ƙamus yana ganin ya gama. To, bai gama ba. Abin da kalmar take aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin aukuwa ɗaya da mai bi mata, cewa tazarar nan ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Wanda ya riƙe wannan ba zai sa ta a inda ba gurbinta ba.

Mataki na farko: san na'urar da aka ciro kalmar daga sunanta

Sifar ta fito ne daga sunan wata 'yar na'ura ta makaɗa da ake kira "metronome". Ta asali akwati ce ta katako mai faɗi a ƙasa da tsini a sama, kamar ƙaramin dala. A gabanta akwai siririn ƙarfe a tsaye wanda yake lilo dama da hagu, kowane lilo yana ba da ƙara ɗaya: ƙyas, ƙyas, ƙyas. A jikin ƙarfen akwai ɗan dunƙule da ake iya turawa sama ko ƙasa. Idan ka tura shi sama, lilon ya yi sanyi. Idan ka saukar da shi, ya yi sauri. Ana murɗa mata makulli kamar agogon bango na da, ta yi ta bugawa har ƙarfinta ya ƙare.

Wani maƙeri mai suna Dietrich Nikolaus Winkel ne ya fara haɗa irin wannan na'ura a birnin Amsterdam na ƙasar Holan. Amma wanda ya ci sunan shi ne Bajamushe Johann Nepomuk Maelzel, da ya ɗauki dabarar, ya ƙara mata ma'auni mai lambobi, ya yi mata rajista da sunansa a 1815. Shi ya sa har yau ake ganin haruffan M.M. a saman wasu takardun kiɗa, suna nuni da na'urar Maelzel. Beethoven yana cikin manyan makaɗan da suka fara rungumar ta. A 1817 aka wallafa lambobin saurin da yake so a bi a kaɗe-kaɗensa. Sunan kuwa haɗi ne na kalmomin Girkanci biyu: "metron", wato awo, da "nomos", wato doka ko ƙa'ida.

Lambobin da ke jikinta suna nuna yawan bugu a minti ɗaya, galibi daga 40 zuwa 208. Ka sa ta a 60, bugu ɗaya ke nan a kowace daƙiƙa. Ka sa ta a 120, bugu biyu.

Ba sai ka sayi ta katako ba. Rubuta "metronome" a Google, za ka ga wata da zai nuna maka a saman shafi, ko ka sauke manhajarta a waya, kyauta ce da yawa. Kunna ta a 60, ka saurara na minti ɗaya cur ba tare da ka taɓa komai ba. Ina ba da wannan shawara da gaske, domin abubuwa biyu za su same ka. Da farko za ka ji daɗin yadda ba ta kuskure. Kafin mintin ya ƙare za ka fara ƙosawa da ita. Waɗannan ji guda biyu su ne fuskoki biyu na kalmar, kuma za mu dawo kansu.

Mataki na biyu: yi wa abin tambaya uku kafin ka kira shi da ita

Shin abin yana maimaituwa, ba sau ɗaya ko biyu ba? Shin tazarar da ke tsakani, ko ingancin kowane maimaici, iri ɗaya ne? Shin ya daɗe a haka har mutum zai iya cewa ga lokacin da na gaba zai zo, kuma ya zo? Sai amsoshin uku sun zama e.

Idan kana neman abin da ya fi kusa da ita a gida, ka tuna lugude: mata biyu ko uku a turmi ɗaya, taɓarya na sauka wata na tashi, ba wadda take riga 'yar'uwarta ko ta makara. Matuƙar suna cikin wannan kari, dakan nasu ya cika sharuɗɗan uku.

Ga misali daga fagen wasa da ba shi da gardama. Ranar 12 ga Oktoba 2019, a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya, ɗan Kenya Eliud Kipchoge ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42.195 cikin awa ɗaya da minti 59 da daƙiƙa 40. Ba a karɓi lokacin a matsayin tarihin duniya ba, saboda an tsara gudun ne musamman dominsa, da 'yan gudu masu rakiya suna canji da juna da mota a gaba tana haska layi a kan titi. Abin da ya ja hankali shi ne yadda kowace kilomita take cin kusan minti 2 da daƙiƙa 50, ta farko haka, ta ashirin haka, ta talatin da biyar haka. Wanda ya ce gudun "fast" ne ya faɗi gaskiya, amma bai faɗi abin mamakin ba. Wanda ya ce "metronomic" ne, shi ya taɓo shi.

A wasan kurket kuma akwai Glenn McGrath na Ostireliya, wanda ya yi ritaya a 2007 bayan ya fitar da 'yan wasa 563 a manyan wasannin ƙasa da ƙasa da ake kira Test. Ba shi ne ya fi kowa saurin jifa a zamaninsa ba. Abin da yake da shi shi ne sauke ƙwallo a wuri ɗaya, jifa bayan jifa, har mai duka ya gaji ya yi kuskure. Lura da kyau: a nan ba tazarar lokaci kaɗai ake nufi ba, har da tazarar wuri da inganci. Ta wannan ƙofa kalmar ta shiga ƙwallon ƙafa. A zamanin da yake wasa, Kroos ba ya ba da ƙwallo a kowace daƙiƙa biyar daidai, amma fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙwallayen da yake bayarwa suna isa ga abokin wasa, kaka bayan kaka, kuma shi ne yake saita wa ƙungiyar saurin da za ta taka.

Yanzu ga abubuwan da suka faɗi jarrabawar, domin su suka fi koyarwa. Kiran salla sau biyar ne a kowace rana, ba fashi. Amma tazarar Asuba zuwa Azahar ba ita ce ta Magariba zuwa Isha'i ba, kuma lokutan suna ɗan motsawa da tafiyar rana a cikin shekara. Saboda haka "regular" ta dace da shi, "metronomic" kuwa an tilasta ta. Malamin da ya zo taro ƙarfe tara daidai kamar yadda aka ce, sau ɗaya ne, babu maimaici; sunansa "punctual". Sai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: zuciyar mai lafiya ma ba ta bugawa kamar wannan na'ura. Tana buga 60 zuwa 100 a minti idan babban mutum yana hutawa, amma tsakanin bugu da bugu akwai ɗan bambanci, tana ɗan sauri idan ka ja numfashi, ta ɗan lafa idan ka fitar. Likitoci suna ɗaukar wannan ɗan saɓanin a matsayin alamar lafiya. Inda na'urar take da amfani a asibiti shi ne wajen koyar da danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, domin ana so a danna sau 100 zuwa 120 a minti, kuma mai dannawa yakan zarce ko ya gaza idan ba shi da abin da yake bi.

Mataki na uku: furuci

Gaɓa huɗu ce: me, tro, no, mik. Nauyin murya yana kan ta uku, a ce me-tro-NO-mik. Gaɓa ta biyu ana wuce ta da sauƙi, wasalinta ba ya fita sosai. Turawan Ingila suna furta gaɓa ta uku da gajeren "o" irin na kalmar "not", Amurkawa kuma suna buɗe baki ta yi kusa da "na".

Wurare biyu ne harshen Bahaushe yake zamewa. Na ɗaya, muna son cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, sai "tr" ta koma "tir", a ji "metironomik". Gwada furta "tro" ita kaɗai sau da yawa kafin ka haɗa. Na biyu, sunan na'urar nauyinsa yana kan gaɓar farko, ME-tro-nom, sai mutum ya ɗauko wannan nauyin ya kawo wa sifar. Akwai ƙa'ida da za ta taimake ka a ɗaruruwan kalmomi: sifar Turanci da ta ƙare da "ic" galibi nauyinta yana kan gaɓar da ta zo kafin wannan ƙarshen. Haka "economic", haka "atomic", haka "academic". 'Yan kaɗan ne suka bijire, kuma cikinsu akwai wadda muke faɗa kullum, "Arabic", da ake nauyaya gaɓarta ta farko.

Mataki na huɗu: gina jimla da ita

Sifa ce, don haka tana zama gaban suna, ko bayan aikatau irin su "is" da "was" da "became". Da baƙi ta fara, saboda haka "a" take ɗauka ba "an" ba. Bayanau ɗinta shi ne "metronomically".

Abin da ya fi ƙa'idar nahawu muhimmanci shi ne sanin abokan tafiyarta. Kalmomin Turanci suna da waɗanda suka saba zama da su, kuma wannan tana yawan zama da "regularity", "precision", "consistency", "accuracy", "rhythm", "pace" da "passing". Ginin da ya fi kowanne yawa shi ne "with metronomic regularity" a ƙarshen jimla ko a tsakiyarta. Idan abu ɗaya za ka haddace daga wannan jagora, to shi ne. Ga jimloli da na ƙirƙira domin gwaji:

"The trains arrive with metronomic regularity." Jiragen ƙasa suna isowa a kan tazara ɗaya, ba sa saɓawa.

"Her breathing was slow and metronomic." Numfashinta a hankali yake fita, kowane ɗaya daidai da na bayansa.

"He scored with metronomic consistency for ten seasons." Kaka goma yana cin ƙwallo ba tare da ya taɓa yin ƙasa ba.

Ka lura Turawa sun fi cewa "almost metronomic" a kan "very metronomic". Dalilin a fili yake. Na'ura ce ma'aunin, ɗan Adam kuwa kusantar ta yake yi, ba ya wuce ta. Idan ka rubuta "very" ba a ce ka karya doka ba, amma kunnen mai harshen zai ɗan ji wani iri.

Game da mutum, an fi jingina ta ga aikinsa a kan shi kansa. A ce "his metronomic passing" ya fi a ce "he is a metronomic man". Idan mutumin kake son kira, sunan na'urar ake ba shi kai tsaye, a ce shi ne "metronome" na ƙungiyar. A fagen wasa ana jin "a metronomic bowler", wato mai jifa a kurket, ko "a metronomic midfielder", domin sunan aikin yana cikin jimlar.

Mataki na biyar: gane ko yabo ne ko suka

Nan ne ɗalibai suka fi faɗawa rami, kuma ƙamus ba kasafai yake gargaɗi ba. Kalmar ba ta da ɓangare. Abin da ke kewaye da ita ne yake nuna inda ta dosa.

Inda ake son daidaito, yabo ce babba: ɗan gudu, mai jifa, ma'aikatar ƙera kaya, jiragen ƙasa masu gudun tsiya na Japan da suka fara aiki a 1964 suka kuma yi suna wajen kiyaye lokaci. Masu nazarin taurari ma suna amfani da ita. A 1967 wata ɗaliba a Jami'ar Cambridge, Jocelyn Bell, ta gano wani saƙon rediyo daga sararin sama da yake zuwa a kowace daƙiƙa ɗaya da sulusi, ba ya saɓawa. Tsabar daidaitonsa ta sa aka fara tunanin ko wasu halittu ne suke aiko shi, kafin a gane tauraro ne mai juyawa.

Inda ake son rai da motsin zuciya kuwa, suka ce mai zafi. Idan mai sharhin kiɗa ya ce makaɗin piyano ya yi kiɗa "metronomic", yana nufin ya buga komai daidai amma babu rai a ciki, bai ja inda ake ja ba, bai sassauta inda ake sassautawa ba. Abin dariya ne cewa a gidan da aka haifi kalmar, nan ne ta fi zama zagi. Haka idan aka faɗe ta a kan mai jawabi ko mai karanta waƙa: muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, masu sauraro suna gyangyaɗi. Don haka kada ka yi gangancin yaba wa malaminka da cewa darasinsa "metronomic" ne. Zai ɗauka ka ce yana sa barci.

Akwai fuska ta uku, ita ce ta gatse, kuma 'yan jarida suna ƙaunarta. Sai su ɗauki abu mara kyau da yake ta dawowa, su jingina masa daidaiton na'ura. Misali: "The minister denied the rumours with metronomic regularity." Ma'ana, ministan kullum sai ya fito ya musanta, har an san lokacin fitowarsa, kuma ba mai gaskata shi. Ko a ce ambaliya tana cin unguwa kaza "with metronomic regularity", wato kowace damina sai ta zo, kowa ya sani, ba a yi komai ba. A irin wannan amfani ba a tsananta sharaɗin tazara. Zuguguwa ce da gangan. A ganina wannan ita ce fuskar da ta fi daɗi a rubutu, amma sau ɗaya a maƙala ya isa. Ta biyu za ta fara nuna kana ji da kalmar.

Dabarar ganewa ita ce ka dubi sunan da ta raka da kalmomin da ke kusa. Idan ka ga "dull", "flat", "lifeless" ko "mechanical" a gefenta, suka ce. Idan ka ga "superb", "relentless" ko "reliable", yabo ne. Idan abin da ake magana a kai mugun abu ne, gatse ne.

Mataki na shida: raba ta da maƙwabtanta

"Regular" ita ce uwa, ta fi faɗi, ba ta buƙatar daidaito mai tsauri. "Punctual" ta shafi cika alkawarin lokaci. "Consistent" tana nufin inganci ba ya canzawa, ko da lokutan ba su daidaita ba. "Steady" tana nufin babu tangal-tangal. "Monotonous" suka ce zalla, ba ta da fuskar yabo. Wadda ta fi kusa ita ce "like clockwork", amma ita ta hirar yau da kullum ce, kuma tana ɗauke da ma'anar cewa shiri ya tafi yadda aka tsara. Biki zai iya tafiya "like clockwork", ba zai zama "metronomic" ba, tunda sau ɗaya aka yi shi. Idan da aboki kake hira, "like clockwork" ta fi dacewa da bakinka. Ajiye ɗayar don rubutu.

Kada kama ta ruɗe ka da "metropolitan". Wannan daga wata kalmar Girkanci ce daban mai nufin uwa, ta shafi babban birni. "Metric" kuwa 'yar'uwa ce ta gaske, tushensu ɗaya, awo.

Ga ɗaliban likitanci da jinya akwai wata ma'ana ta musamman. "Metronomic chemotherapy" hanya ce ta ba da maganin ciwon daji kaɗan-kaɗan a kai a kai, sau da yawa ƙwaya ce a kullum, ba tare da dogon hutu ba. Ta bambanta da hanyar da aka saba, inda ake ba da adadi mai yawa sannan a bar jiki ya huta mako biyu ko uku. Masanin ciwon daji Douglas Hanahan da abokan aikinsa ne suka raɗa mata wannan suna a 2000, kuma manufar farko ita ce a hana ciwon dajin samun sababbin jijiyoyin jinin da suke ciyar da shi. A nan kalmar ba yabo ba ce ba suka ba, sunan tsari ne kawai.

Mataki na bakwai: mayar da ita Hausa, sannan ka gwada kanka

Mai fassara kada ya wahalar da kansa neman kalma ɗaya tilo. Ya dubi fuskar da ta zo da ita. Idan yabo ne, "ba ya saɓa saiti" ko "daidai wa daida, ba kuskure" za su yi. Idan lokaci ake nufi, "a kan tazara ɗaya, ba fashi". Idan suka ne, "kamar inji, babu rai". Idan gatse ne, "kullum sai", tare da ɗan ƙarin da zai nuna an gaji, irin su "har an saba".

Yanzu ɗauki takarda. Ga abubuwa huɗu, ka yanke hukunci a kan kowanne kafin ka karanta amsa: famfo mai ɗiga cikin dare, ɗalibar da ba ta taɓa makara zuwa aji ba, mai gabatar da labarai da yake karanta labarin mutuwa da na biki da murya ɗaya, ruwan sama a watan Agusta.

Famfon ya cika sharuɗɗan uku, ka rubuta "the metronomic drip of the tap". Ɗalibar "punctual" ce. Sai idan isowarta kake son siffantawa, kullum a minti ɗaya, sannan za ka iya cewa tana zuwa "with metronomic regularity". Mai labaran ya dace da kalmar ta fuskar suka, "a flat, metronomic delivery". Ruwan Agusta kuwa yana yawan zuwa amma ba ya bin tazara, yau da asuba, gobe da la'asar, jibi ko ɗigo, don haka "frequent" ce tasa.

Bayan wannan, rubuta jimloli uku naka, ɗaya ta yabo, ɗaya ta suka, ɗaya ta gatse. A kowace jimla cire "metronomic" ka sa "regular" a gurbinta, ka karanta da ƙarfi. Idan ma'anar ba ta ragu ba, ka bar "regular" ɗin a wurin.